Ranar da Bazabarmata ta fara naɗe kwanukanta

Shekarun baya, tun muna gidan haya a unguwar Nima, cikin Accra, can bayan kasuwa, ina da wata maƙwabciya da bango ɗaya ya raba ɗakina da nata. Na ce bango ne don a mutunta shi, amma katako ne aka shafa wa shuɗin fenti. In ta yi atishawa a ɗakinta, daga nawa ɗakin nake yi mata addu'a. Ita Bazabarma ce, albasa take sayarwa. Ni kuma mahaifina Bagobiri ne, ko da yake a Maamobi, nan kusa da Nima, aka haife ni, Gobir ɗin ko a mafarki ban taɓa ganinta ba.

Wanda ya sani ya san tsakanin Bagobiri da Bazabarme wasa ne, kuma mu mun riƙe namu wasan hannu biyu. Da safe in na fito famfo na tarar da ita, gaisuwar ke nan:

"Baiwata, kin tashi? Tun daga ɗaki na ji warin albasa."

"Na tashi, Bagobirar da ba tsage. Wanzamin ne ya ga bakinki ya ji tsoro, ya mayar da askarsa."

"Ki ci gaba. Wata rana sai na sa an ɗora ki a mota ke da buhunanki, an mayar da ke garinku."

"In na tafi wa zai zauna ya saurari surutunki?"

Haka muke kullum, har mutanen gidan suka daina juyowa. Ni ba mai fita ba ce. Ƙanƙara da ruwan sanyi nake sayarwa a bakin ƙofata, duniya ce take zuwa ta same ni. In aminiyar tawa ta dawo kasuwa da la'asar, sai ta ja kujera 'yar tsugune ta zauna kusa da ni, ta kawo labarin waje, ni in kawo na cikin gida. Na cikin gidan ya fi yawa, don Allah ya ba ni kunne. Boko dai aji uku na yi aka cire ni, amma in miji da mata suka yi faɗa da raɗa a ɗakin ƙarshe, zan gaya maka wanda ya fara.

Babbar 'yata rabin goyonta a bayan wannan matar ta yi shi. Nya take ce mata, wato uwa da Zabarmanci. Yarinyar ta yi karatu har jami'a, ta gama, ta yi bautar ƙasa. Sai ta ji wani ofishin gwamnati yana ɗaukar waɗanda suka gama jami'a ya horar da su shekara biyu, yau a wannan sashe gobe a wancan, in an ga hankalinka a tabbatar maka da aiki. Ofishin nan shi ne mai ajiye bayanan mutane, lokacin ma suka fara zuba su a kwamfuta. Ta yi jarrabawa, aka kira ta aka yi mata tambayoyi, aka ɗauke ta. Ranar da ta fara zuwa har Alƙur'ani aka ba ta ta rantse. Ta yi min bayanin aikin, amma gaskiya ni farin ciki ya toshe min kunnen nan da nake taƙama da shi. Abin da na riƙe kawai, sunan kowa yana wurin.

Na dafa wake da shinkafa tukunya guda na tara matan gidan da na maƙwabta a yi mana barka. Ana ci ana tambayata wane irin aiki ne, ni kuwa baki ya buɗe.

"Ei, ku bari kawai! Sunan kowa yana hannunta. Inda aka haife ka, garin ubanka, ranar da ka shigo ƙasar nan, ta danna abu ɗaya sai ga shi ya fito."

Sai na juya wajen aminiyata, kamar kullum, na ce, "Ke kuma baiwata, yanzu motar nan ta samu direba. Ki fara haɗa buhunanki."

Na jira amsa. Ta yi ɗan murmushi, ta ci loma biyu, ta ce kanta yana ciwo. Sauran matan ma na ga kowa ta mai da ido kan kwanonta. Ni da nake jin raɗa ta cikin katako, ranar ban ji abin da shirun nan yake faɗa ba. Cewa na yi yajin ne ya yi yawa.

Ku yaran yanzu ba za ku gane ba sai an gaya muku. Ina budurwa aka taɓa yin korar baƙi a ƙasar nan. Aka ce duk wanda ba shi da takarda ya fita. Zango, unguwanninmu na baƙi, ya ga abin da ya gani. Motocin kaya cike da mutane, tsofaffi a kan katifu, wanda ya shekara arba'in a Accra ya sayar da gadonsa kuɗin goro. Mu gidanmu abin bai taɓa mu sosai ba, shi ya sa ni a wurina ya zama labari. A wurin wasu kuwa bai taɓa wucewa ba. A Nima in ka ce gwamnati ta san garin uban mutum, ba yabo ka yi ba.

Daga ranar bakin ƙofata ya fara yin fili. Mata su sayi ƙanƙara a tsaye su wuce. Wadda a da sai na kore ta, yanzu "sannu, sannu" ta tafi. Aminiyata kuma in ta dawo kasuwa sai ta shige ɗaki. In na jefa mata "baiwata," sai ta ce min, "Ina kwana, Hajiya." Hajiya! Ni da ko filin jirgi ban taɓa zuwa ba. Wallahi da ta zage ni da ya fi min daɗi. Maigidana na gaya wa, ya ce, "Ƙila kunnuwansu ne suka tafi hutu, ki bar su su huta." Shi ma ban kula shi ba ranar.

Wata Laraba, ranar kasuwar Nima ce, ranar da ko zazzaɓi ba ya hana ta fita, sai na ji motsi a ɗakinta da hantsi. Na kasa kunne. Ƙarar takardar jarida ake yi, sannan ƙwal, a hankali. Takarda kuma, sannan ƙwal. Na san wannan ƙarar. Kwanukanta ne na jere, masu furanni, waɗanda take tarawa tun tana amarya, ba ta saukar da su daga kabad sai wankin salla. Ana naɗe su ɗaya bayan ɗaya ana sa wa a kwali. Can na ji muryar wata dillaliya tana cewa kabad ɗin ya tsufa, sai dai a rage. Aminiyata ta ce, ƙasa ƙasa, "Ki ɗauka yadda kika ce. Gara in tafi da ƙafata."

Sai a lokacin na gane.

'Yata na dawowa daga aiki, ko takalmi ba ta cire ba na tare ta. Na ce gobe in ta je, ta danna abin nan ta nemo sunan Nyarta, in akwai abin da ba daidai ba ta gyara, in ma goge shi za ta yi ta goge.

Ta ce, "Mma, ba zan iya ba."

"Ba ki iya dannawa ba? To me ake koya muku?"

"Na iya. Ba ni da izini ne. Ko naki ba zan buɗe ba. Duk wanda ya buɗe bayanin mutum, sai an ga sunansa da dalilinsa. Sashen da nake yanzu aikinmu ke nan, mu bi sawun masu buɗewa ba dalili. In na buɗe nata, ni ce ta farko da zan kama."

Na ce matar da ta goya ki? Ta ce ita ɗin. Na ce ba wanda zai sani. Ta ce, "Ni zan sani, Mma, kuma na dafa Alƙur'ani." Ta ƙara da cewa in ta taɓa sunan ma, ita ce za ta jawo ido a kansa, alhali yanzu yana kwance ba wanda ya damu da shi.

Ban saurari wannan ba. Na yi mata kuka, na yi mata fushi, na tuna mata naƙudarta. Na daina zuba mata kokon safe, sai ta saya a bakin titi kafin ta hau trotro, motar haya. Na haɗa ta da babanta, ya ce shi ba ya shiga tsakanin gwamnati da gwamnati. Kwanaki muna haka. Yarinya ta rame, ni ma na rame, ba ta motsa ba koraa, ko kaɗan.

Ran Asabar da safe, bayan ta gama wanki, sai na ga ta yafa mayafi ta nufi ƙofar aminiyata ta yi sallama. Na bi bayanta, ludayi a hannu. Ɗakin ya koma wani iri. Kabad babu, sai shacinsa a jikin bango, kwalaye a jere an ɗaure da igiya. 'Yata ta durƙusa ta gaishe ta. Matar ta amsa ba ta dube ta ba, sannan ta ce:

"Faɗa min kawai. Me kika gani a kaina?"

"Ban ga komai ba, Nya. Ban duba ba."

"Ke da kome yake hannunki?"

"Ba a hannuna yake ba. Gadinsa aka ba ni. Ba zan rantse miki a kan abin da gwamnati za ta yi shekara goma nan gaba ba, ban sani ba. Amma ba a aiko ni in ƙirga kowa ba, ba kuma wata kora da ake shiryawa a inda nake. An ɗauke mu ne don kada kowa ya leƙa sirrin mutane yadda ya ga dama."

Aminiyata ta girgiza kai. "Yarinya, gwamnati ba ta ajiye abu ta ƙi kallonsa."

Nan haushin kwanakin nan ya taso min, na manta ma lallashi aka zo yi. Na ce, "Ke rabu da ita! Wannan? Kwana da kwanaki ina roƙonta ta duba min naki ta gyara. Na yi kuka, na hana ta koko, har nonon da ta sha na ambata. Ta dube ni ta ce ba ta da izini. Ni! A ɗakina! Kan dutse ne da ita, ban san inda ta samo shi ba."

Sai matar ta ɗago. Ta dube ni, ta dubi yarinyar.

"Ke kika roƙe ta?"

"Ni."

"Da wannan bakin naki?"

"Da shi."

"Ta ƙi?"

"Ƙememe."

Sai kafaɗunta suka fara rawa, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, ko da yake hawayen ma sun zo. Ta ce, "Sama da shekara ashirin ina neman wanda zai ce wa matar nan a'a ya kwana lafiya. Ashe ni na goya shi." Ta jawo 'yata jikinta. "In uwarki ta buga ƙofar nan ta kasa buɗewa, to a rufe take. Kan dutsen kuma a bayana kika samo shi, ba a Gobir ba."

Ni dai na tsaya da ludayina, ban san ko yabona ake ko zagina ba.

Daga nan ta ce in rufe ƙofa in zauna. Ta ce wa 'yata, "Tunda ba ki duba ba, bari in ba ki da bakina." Ta ba mu labarin ranar korar nan. Wanda ya hau mota, wanda ya tsaya, da yadda aka yi ita ta tsaya. Sama da shekara ashirin katako ɗaya ne tsakaninmu, na san tarinta, na san minsharinta, na san ranar da cinikinta bai yi kyau ba daga yadda take ajiye tire, amma wannan ban taɓa jin ko gefensa ba. Da ta gama sai muka miƙe. Muka kwance kwalayen mu uku. Kabad ɗin dai ya tafi, dillaliyar ta riga ta sayar, sai maigidana ya kafa mata katako biyu a bango muka jera kwanukan a kai.

Sauran matan a hankali suka dawo, da suka ga Bazabarma ta koma kujerarta. 'Yata ta gama shekara biyunta aka tabbatar da ita, ta daɗe a aikin nan. Wasanmu da aminiyata ya ci gaba har ƙarshen rayuwarta, Allah ya jiƙanta, sai dai motar nan ban sake ɗora ta a kai ba. Akwai abin zagi da yawa a jikin mai albasa, ban rasa ba.

Yanzu in na ga jikokina suna zuba komai nasu a waya, sunan makaranta, hoton gida, har abin da aka dafa, nakan tuna da ita. A da ina ganin in na san labarin mutum, kusanci ne. Matar nan ta nuna min akwai labarin da mai shi ne kaɗai yake da ikon ba da shi, ranar da ya ga dama, ga wanda ya ga dama. Na daɗe ina mamakin yadda aka yi gwamnati ta ɗauki yara masu digiri tana biyansu albashi don su koyi wannan, ni kuwa sai da na kusa rasa aminiyata.

Na san wasunku za su cika min waya da tambaya: to me ta faɗa a ɗakin? Ku yi haƙuri. Kun san ni, kun san bakina, yau ma na ba ku har da minsharinta. Amma wancan ba nawa ba ne. Mu uku muka ji shi, ɗaya ta tafi da nata, ɗaya ta dafa Alƙur'ani. Ni ba wanda ya rantsar da ni, kuma shekara talatin ke nan yana nan inda ta ajiye shi.