Ƙasarmu a Lambun Ƙanin Mijina

Shekarar da muka daina zuwa gonarmu ta bakin daji, saboda ɓarayin da suka hana mutanen Ruma sakat, abin da ya rage mana shi ne ɗan lambun da ke gangaren rafi, bayan gari. Surukina, Allah ya jiƙansa, ya raba shi biyu tun yana raye: na sama na maigidana, na ƙasa na ƙaninsa. Da can ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai, albasar miya ce da alayyafo. Amma daga wannan shekara, a nan tuwonmu yake.

Da jigo tsohon ya yi ban ruwan wurin. Ya juye guga, ruwa ya bi hanyarsa a hankali ya shiga fangali, kafin wani gugan ya hau ƙasa ta shanye. 'Ya'yan nasa kuwa suka haɗa hannu suka sayi inji. Hanyoyin ruwan suka bar su yadda ya tsaga, miƙe daga sama har ƙasa, don a ganinsu aikin mahaifi ba abin taɓawa ba ne. Suka kuma raba kwana, yau injin na wannan, gobe na wancan. To, ba mai son yamma ta same shi shi kaɗai a bayan gari. Duk mai kwanan sai ya murɗe inji har ƙarshe, ya gama, ya taho gida.

Ni ke kai wa maigidan abinci da hantsi, in dawo da ganyen miya. A ƙarshen fangalinmu nake tarar ruwa a bokiti in wanke alayyafo. Farkon rani ruwan garau yake zuwa. Daga baya ya koma kamar kunun kanwa. Ran nan na ajiye bokitin na tsaya tsinkar ganye, da na zo tsiyayewa sai ga laka kwance a gindinsa, mai laushi kamar ƙullu. A sakandare malamin noma ya gaya mana ƙasar sama ita ke ciyar da shuka, ita kuma ruwa ke fara ɗauka. Na hau na duba. Inda bakin tiyo yake zuba ya zama rami. Albasar sama kawunanta a waje, saiwa na lilo, tsakuwa ta fito. Hanyar ruwan da a da ko tafin ƙafa ba ta rufewa, yanzu ta kai ƙwauri.

Ni 'yar Tsaskiya ce. Ina yarinya na ga gonar kawuna ta rabe biyu, kuma daga sawun amalanke kawai abin ya fara. Na san in damina ta zo ta tarar da hanyar nan haka, kwazazzabo za ta mayar da ita.

Na bari sai da maigidan ya ci ya sha ruwa, sannan na gaya masa. Bai musa ba. Ya ce ya riga ni gani.

"In na rage inji, magariba za ta same ni a nan. Ƙasa kike so ko miji?"

Na kwashe kwanuka na taho, ina ta addu'a a hanya.

Ƙanin mijina mutum ne mai barkwanci, kuma tsakaninmu akwai wasa tun ina amarya. Wata rana ya tare ni a kan iyaka da albasa biyu manya a hannu.

"Matar Yaya, karɓi ki ga albasar waɗanda suka iya noma. Taku kuwa sai an sa tabarau."

Na ce, "Ka ci da bismilla dai. Ƙasarmu ce ta yi maka ita."

"Mi kika ce?"

Na nuna masa inda ruwanmu ke tsallaka iyaka ya faɗa fangalinsa. Yana dariya ya tsuguna ya tura hannu. Hannun ya nutse har wuyansa cikin laka sabuwa kafin ya taɓa tsohuwar ƙasarsa. Dariyar ta tsaya. Ya goge hannu a wando, ya ce a gaida gida.

Ban sa rai da komai ba. Shi ma yana da baki da yawa a gida, shi ma gonarsa ta daji ta gagare shi. Da ya yi shiru, ba wanda zai ce ya ci haƙƙin wani.

Washegari kwanansa ne na inji, amma bai tayar da shi ba. Jaki ya aro da mangala, yana kwasar laka daga fangalinsa yana hawowa da ita namu. Maigidan ya hana shi, ya ce abin da ya gangara masa ai rabonsa ne.

Ya ce, "Yaya, ruwa ne ya sato ya ba ni ajiya. Ni ba na riƙe kayan sata."

A wunin nan suka soke rabon kwana. Suka koma fita tare kullum, inji a sassauce, ɗaya a bakin tiyo, ɗaya yana buɗe fangali da fartanya yana toshewa. Aikin ya fi daɗewa, amma mutum biyu ne, kuma tare suke dawowa. A bakin tiyon suka jera duwatsu, na ba su tsohon turmina da ya tsage, ruwa ya riƙa faɗawa ciki ya huce kafin ya malala. Hanyoyin tsohon su suka fi ba maigidan wahala. Ƙanin ya yi ta lallashi, yana cewa Baba don guga ya tsaga su, da ya ga inji da shi ma ya sake. Daga ƙarshe suka yanka sababbi a gicciye, suka cusa wa tsofaffin damman kara suka kafe da turaku. Ciyawar jema ta bakin rafi suka tsigo suka dasa a kan iyaka da duk inda ƙasa ta yi rauni.

Ban daina fargaba ba sai da aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Da safe maigidan ya fita dubawa, ni kuwa na kasa ko hura wuta. Ya dawo da taɓo har gwiwa. Ya ce kusurwar da ke wajen rafi ta zabtare, kamar faɗin tabarma, tare da 'yar bishiyar zogalen da ke wurin. Sauran duk yana nan.

Na shiga ɗaki na yi sujada. Na gode wa Allah, na roƙa wa ƙanin nan alherin duniya da lahira, shi da zuriyarsa. Sannan na fito na ɗora koko, na ce a kira shi ya zo su karya tare.