Dakta Nasiha da Takardar Hutu

A Garwa Dakta Nasiha ake ce mata, amma daga Kaélé har Banyo "Ramplasa" suke kiranta, wato mai riƙe kujerar likitan da ya tafi hutu. Babanta atamfa yake sayarwa a babbar kasuwa. Da ta gama karatu a Yawunde ya so ta zauna wuri guda, ita kuwa ta ba da sunanta a wani ɗan ofis mai tura likitoci duk inda aka sami gurbi. Shekara tara ke nan tana yawo da jaka ɗaya da filas ɗin shayi. A Banyo sau biyu tana faɗowa daga kan mashin. A Kuseri ta koyi "buɗe bakinka" da Larabcin Cadi.

Ta daɗe da gane cewa in baƙon likita ya zo, mutane gani suke banza ta faɗi. Wasu su kawo ƙarar likitansu, ko za ta taya su kushe shi. Ba ta tayawa, sai ta jawo fayil ta karanta. Wasu kuma takardar hutu suke nema.

Irinsu ne Mesiye Édouard, malamin lissafi a Kaélé. Ta taga ta hango shi ya diro daga keke garau, amma da ya shigo sai ga shi a duƙe, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan riƙe da zabuwa. Wai bayansa ne ke ciwo, hutun sati ɗaya kawai yake so. Garin bayani bakinsa ya suɓuce, ya ce audugarsa ta isa tsinka.

Nasiha ta danne dariya. "Mesiye, kujerar nan ta Dakta Eugène ce, aro aka ba ni. Ba zan zauna a kanta in sa hannu kan ciwon da babu shi ba. Amma tunda ka zo, miƙo hannunka."

Ta auna jininsa, ta sake aunawa, dariyar ta ɗauke. Jinin ya hau ƙwarai. Da ta faɗa masa, Édouard ya miƙe sambal, ya manta da ƙugun.

Ta rubuta masa magani da hutun kwana uku, na gaskiya, ba aji, ba gona, ba gishiri. Ya roƙa a bar masa gonar, ta ƙi. Zabuwar ma ta sa ya koma da ita. Ƙannen matarsa ne suka tsinke audugar, shi yana zaune a inuwa yana ta yi musu gyara.

Ranar da za ta tafi ta bar wa Dakta Eugène cikakken bayanin awon da maganin. Ya bugo mata waya tana cikin motar Garwa, yana tambayar yadda ta kama mutumin da ya shekara huɗu yana guje wa awo. Ta ce da ƙafarsa ya zo. Zancen audugar ba ta faɗa masa ba.