Kamun da Ake Kira Mi

Har yau ban manta da safiyar Litinin ɗin da aka gwada ni aikin koyar da gita a gidan matasa na Dakoro ba. Ku da za ku fara aikin bana, ku saurara, don kada ku yi abin da na yi.

Lokacin na gama ajin sekond, wato shekarar farko a lise, babbar sakandare, an shiga hutun damina. Tsarin gidan haka yake: akwai darakta, ƙarƙashinsa akwai animatar mai tsara ayyuka, sai monita, wato ɗalibin da ake ɗauka wata uku ya riƙe aji guda. Monitan gita shi ke riƙe mabuɗin kabad ɗin da gitocin gidan guda huɗu suke ciki, kuma in an tashi aji yana iya zama ya kaɗa har la'asar. Mabuɗin nan nake so. Ba ni da gita tawa. Shekara guda na yi ina koyon kamu, abin da ake kira akor, a jikin wani katako da na zana wa tsirkiya shida da biro. Sai ranar Asabar nake aron gitar wani abokina in ji ko abin da yatsuna suka haddace yana da sauti. Ina da littafi da na zana kamu ashirin da huɗu a ciki, kowane da sunansa da wurin da kowane yatsa zai zauna.

Mu biyu muka nemi aikin, ni da Sahabi, wani makaɗin biki daga Kornaka. Darakta ya ce kowa zai riƙe ajin rabin awa, shi kuma zai zauna a baya yana kallo. Ya ƙara da sharaɗi guda: wanda ɗalibi ya tashi ya bar masa aji, ya faɗi.

Sahabi ne ya fara. Ya kaɗa kiɗan Buzaye mai daɗi har masu wucewa suka tsaya a taga. Rabin awa ta cika, an yi ta tafi, amma ba ɗalibin da ya taɓa tsirkiya.

Ɗaliban bakwai ne. Shida samari da 'yan mata, na bakwai kuwa Baba Ɗan Jimma, dillali a kasuwar dabbobi, abokin mahaifina. Ya sayi gita hannun wani matafiyi, ya rantse sai ya iya ta. Mutum ne mai murya kamar lasifika, kuma tun ina ƙarami in ya zo zaurenmu ni ne abin ba'arsa, don ba ni da yawan magana.

Ina tsayawa gaban aji ya ce, "A'a! Ɗan Malam, kai ne za ka koya muna? Yaron da ko gaisuwa tai sai an kasa kunne?"

Aka yi dariya. Na sunkuyar da kai, na ɗauki gita, na nuna kamun farko: manuni a ɗaki na ɗaya na wuyan gitar, kan tsirkiya ta uku, yatsan tsakiya da na kusa da shi a ɗaki na biyu kan ta biyar da ta huɗu. Na kaɗa sau ɗaya.

Baba Ɗan Jimma ya ce, "To, shi wanga kamu, yaya sunanshi?"

Na ce, "Mi."

Ga wanda ba ɗan nan ba ne, sai in yi bayani. Sunayen kamu da Faransanci muke koyonsu: Do, Re, Mi, Fa, Sol, La, Si. Mu kuwa a Dakoro, abin da Bakano ke cewa "me?" shi muke cewa "mi?"

Ya ɗaga murya. "Na ce yaya sunan kamun?"

"Mi, Baba."

A nan na gane abin da ke faruwa. Kalma huɗu sun isa in warware shi. Amma sai na tuna shekara goma na ba'a a zaure, na ga darakta ya rufe baki da takarda, na ji wani abu yana yi mini daɗi a ciki. Na ƙyale shi a haka.

"Yau ga ta! Bayan rashin baki har da kurumta? SUNAN KAMUN!"

Na dube shi cikin ladabi na ce, "Mi."

Ya juya ga samarin. "Ku bar wanga, bai san shi ba. Nuna muna na gaba."

Na shimfiɗa manuni kan tsirkiya shida duka, na kaɗa, na ce, "Fa."

"Mi fa?"

"Daidai, Baba. Haka suke a jere."

Wata yarinya mai suna Rabi, wadda ta yi waƙa a lakwal, wato makarantar boko, ta san sunayen, ta kife kai a kan tebur tana shessheƙar dariya. Sauran suka ɗauka. Na matsar da yatsuna uku ƙasa da tsirkiya guda, na kaɗa wani kamun, na ce, "La."

"La? Mamakin mi kake yi kuma? Ni ya kamata in yi mamaki!"

Ajin ya fashe gaba ɗaya. Sai na ga fuskarsa ta canza. Bai san abin da ake wa dariya ba, ya dai san shi ake wa. Ya miƙe, ya saɓa gitarsa a kafaɗa kamar sanda, ya ce, "Ban zo nan yara su mai da ni mahaukaci ba." Ya nufi ƙofa. Darakta ya sauke takardar daga bakinsa, ya cire murfin biro.

Ban san ina da irin muryar nan ba sai ranar. "Baba, don Allah tsaya! Laifina ne."

Ya tsaya, ina jin don mamaki. Na ɗauki alli na rubuta sunayen bakwai a allo, na karanta su ɗaya bayan ɗaya, na ce na ukun, Mi, sunan kamun ke nan, ba tambaya ba ce. Ya daɗe yana kallon allon.

"Wato Nasara ne ya rasa sunan da zai ba abu sai Mi?"

"Shi ne, Baba."

"Kai kuma ka sani ka ƙyale ni ina ihu?"

"Na sani."

"Ɗan banza," in ji shi, amma ya dawo ya zauna.

Na durƙusa gabansa na ɗora masa yatsun da hannuna. Yatsu ne masu kauri, sun saba da igiya da ƙaho, kowane sai ya danne tsirkiya biyu. Sau tara muna gwadawa sauti na fita a toshe. Na ce ya tsayar da su kan tsininsu, ya sauke babban yatsa bayan wuyan gitar. A na goma kamun ya fito tas. Ya sake kaɗawa, ya sake. Sai ya waiwaya baya ya daka wa darakta kira da Mushe, wato Malam a bakin 'yan Faransanci.

"Mushe! Ka san sunan wanga?"

Darakta, wanda hankalinsa ke kan rubutu, ya ɗago kai ya ce, "Mi?"

"Ka ci!"

Bayan an tashi darakta ya kira ni ofishinsa. Ya tambaye ni a karo na nawa na gane. Na ce na biyu. Ya ce ya sani, ya ga gefen bakina yana motsi. Ya ce da mutumin ya taka dokin ƙofa, da Sahabi ya ba aikin ko da bai koya wa kowa kome ba. Sannan ya zaro mabuɗin daga aljihun tebur ya miƙo mini, da umarnin in riƙa rubuta sunan kowane kamu a allo kafin in furta shi.

Abin da na koya shi ne, babban mutum in ya zauna a benci da gita a cinya, ya ajiye girmansa ne a hannunka. Yatsunsa za su yi ciwo, sautinsa zai yi muni gaban yara, ya kuma yarda da haka don yana son ya iya. Ana iya yin wasa da shi, har ya fi kowa dariya, amma sai ya san abin da ake wa dariyar. Ni na bar shi a duhu minti biyar, kuma taku biyu ya rage in koma kan katakona.