Hankicin Madam Léontine

"Jama'a, a tsaya cik, a cire hula! Ga sarauniyar gizagizai, uwar gaggafa, wadda ta riga tsuntsaye sanin hanyar sama, mai agwagi goma sha huɗu da ƙafa ɗaya da rabi, Madam Léontine Carpentier!"

Da bakina na faɗi haka, a lasifika, ranar bikin girbi na ƙauyenmu a 1957. An yi dariya har mai gidan burodi ya riƙe ciki. Yau in na tuna, ji nake kamar in faɗa rijiya in ja murfi.

Sunana Raoul. A aji biyar na bar makaranta, ko ita ta bar ni, har yanzu ba a tantance ba. Na yi wata uku a gareji, na yi sati biyu a kanti. Abu ɗaya na iya, kwaikwayon mutane, kuma duk garin babu mai daɗin kwaikwayo kamar Madam Léontine.

Tsohuwa ce mai ɗingishi, ita kaɗai take zaune a ƙarshen gari, tana sayar da ƙwan agwagi. Kowace safiya sai ta fito bakin shinge, ta zaro farin hankici, ta riƙe shi da yatsu biyu, ta miƙa hannu sama tana kallonsa. In ya rataya shiru, ta gyaɗa kai. In ya kaɗa, ta girgiza kai ta koma ciki. An ce wai ta taɓa tuƙa jirgin sama. Mu samari muka ce, i mana, mu ma jiya a wata muka kwana.

To, ranar bikin na ɗaura wa kekena fukafukan kwali, na sa siket ɗin kakata Berthe da ɗankwalinta. Ina ganin tsohuwar ta shigo fili da kwandon ƙwai na yi wannan shelar. Sannan na hau kan amalanke, na ɗaga hankici, na kama karkarwa, na ƙanƙance murya.

"Wayyo, iska! Ba zan tashi ba! Ba zan tashi ba!"

Abokaina suka ɗauka: "Tashi mana, matsoraciya!"

Sai can na lura samari da yara ne kawai ke dariya yanzu. Tsofaffi duk sun sunkuyar da kai. Madam Léontine ta ajiye kwandonta a ƙasa a hankali, ta juya ta tafi. Ban ankara ba na ji an kama min kunne.

"Sauko, ɗan banza," in ji kakata. "Cire min siket."

"Haba Kaka, wasa ne fa."

"Wasa? Wuce gida in ba ka labarin wasa."

A kicin ta zaunar da ni, ta ba ni labarin da babu wanda ya taɓa ba mu.

'Yar tela ce Léontine. Tana da shekara ashirin da biyu ta bi ƙanenta Anselme birni. Shi yana gyaran inji a wata rumfar ƙera jirage, ita tana ɗinka yadin da ake lulluɓe fukafukai. Jiragen lokacin katako ne da waya da ƙyalle, kujera ɗaya tak, saboda haka babu malamin da zai zauna kusa da kai. A ƙasa za ka yi ta gudu da abin kamar kaza, har ranar da ya ga dama ya ɗaga. Haka ta koya, da asuba, kafin ta zauna kan ɗinki. Injin yana fesa mata man zurma a fuska, ta haɗiyi na haɗiya, ta sauka ta yini zuwa banɗaki. Ta sa wando, fadan coci ya yi huɗuba a kanta har Lahadi biyu. A 1911 aka ba ta lasisi.

"Hankicin fa?" na tambaya.

"Dokar matuƙa jirgi ce. Ƙaramar iskar da ba za ta cire maka hula ba tana iya kifar da jirgi. Kafin mutum ya hau sai ya ɗaga hankici. In ya kaɗa, ba tashi."

A watan Agustan shekarar ne ƙauyenmu ya gayyace ta, ta zo ta nuna wa 'yan gida. Mutanen ƙauyuka bakwai suka cika gonar alkama da aka girbe. Ta ɗaga hankici da safe, ya kaɗa. Ta ɗaga da rana, ya kaɗa. Mutane sun sha rana, sun sha giya, sun gaji da jira. Sai wani ya hau kan amalanke, ya ƙanƙance murya, ya ce, "Wayyo, iska!"

Kakata ta dube ni. "Kakanka ne. Shi ma gwanin ban dariya ne. Har muryarku ɗaya."

Na rasa inda zan sa idona.

Fili ya ɗauki ihu, matsoraciya, matsoraciya. Ita ba ta kula ba, ta zauna a inuwar fiffike tana cin burodi. Anselme ne ya kasa jurewa a zagi yayarsa. Sau biyu kawai ya taɓa tashi a rayuwarsa. Ya haye kujera, ya ce a juya masa farfela. Ta kama rigarsa, ya fizge. Ya tashi har ya kai tsayin hasumiyar coci, ana ta tafi, sai iska ta shiga ƙarƙashin fiffike ɗaya, jirgin ya kifo ƙasa. Léontine ce ta fara isa wurin. Tana ƙoƙarin janyo shi injin ya mirgino mata a ƙafa. Anselme kuwa ya riga ya cika.

Ta warke, ta koma tuƙi, ta yi shekara biyu tana tashi a garuruwa, amma ba ta sake tashi a namu ba. Da yaƙi ya zo aka hana mata hawa jirgi, ta koma ɗinka rigunan sojoji. Daga nan ta dawo gidan ubanta ta sayi agwagi.

"Kakana ya ba ta haƙuri?"

"Har ya mutu, in ya hango ta sai ya canza hanya. Babu wanda ya je. Ni ma ban je ba, kuma ina filin ranar."

Na koma wurin bikin na ɗauko kwandonta. Ƙwai uku sun fashe. Na kwana ina tsara abin da zan ce, har na rubuta a bayan takardar burodi, ni da ban taɓa rubuta abu don raɗin kaina ba. So nake ta yafe min. In ba haka ba ta zage ni, ta jefe ni da ƙwai, komai dai, kada in ƙare ina canza hanya kamar kakana.

Da sassafe na same ta a bakin shinge, hankici a sama. Na tsaya a gabanta, na ajiye kwando, na cire hula.

"Madam, ni ne... ni ne na jiya."

Ba ta dube ni ba.

Na buɗe takarda na fara karantawa, wannan karon ba kwaikwayo ba. Na ce ni wawa ne. Na ce na ji labarin Anselme. Na ce a madadina da kakana da duk ƙauyen nan ina neman gafara. Daga nan baki ya ɗauke ni kamar yadda ya saba, na ce ita jaruma ce, ita ce ɗaukakar Faransa, ya kamata a kafa mata gunki a gaban coci, ni da kaina zan ɗauko duwatsun. Na yi shiru ina haki, kunnuwana kamar wuta.

Sai a lokacin ta sauko da idonta kaina.

"Ka gama, jikan Berthe?"

"Na gama, Madam."

"To matsa gefe. Kana tare min iska."