Kakin da Gwaggo Ragnfrid ta bari a kan allunan Yaya

Ranar Talata, huɗu ga watan Nuwamba, Allah ya karɓi ran Gwaggo Ragnfrid Aune, yayar mahaifina, bayan ta yi jinyar ciwon zuciya a asibiti. Da hantsi Baba ya zo makaranta ya ɗauke ni, sai da muka shiga mota ya faɗa mini. Dusar ƙanƙarar bana ba ta sauka ba tukuna, ruwa kawai ake yi. Abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne, ta tafi ba ta ga ta bana ba.

Gwaggo, tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna sai in miƙe, in na shiga ɗaki sai in fito. Baba ya ce in yi magana a coci ranar jana'iza, na kasa. Kin san ni. Shi ya sa nake rubuta miki.

Kowa a kwarinmu ya san kin yi wa ƙasa tseren zamiya a kan dusar ƙanƙara tun kina budurwa, amma ni ban ga wannan ba. Gwaggon da na sani ita ce wadda take tsayawa a hawan da ya fi wuya ranar tseren yara, da ƙararrawar shanu a hannu tana kaɗa mana. Iyaye sukan ruga wajen ƙarshen tsere da zarar 'ya'yansu sun wuce. Ke ba kya motsawa sai na ƙarshe ya hau, kuma sau da yawa ni ce ta ƙarshe.

"Tuva! Ko ni tsohuwa na fi ki sauri! Ɗaga ƙafa, 'yar ƙanena, ba wanda zai cinye miki hawan!"

Kunya takan kama ni kamar in nutse. Amma ina isa sama sai ki tura mini lemo a aljihu, ki ce in ci a hanya, kada in nuna wa kowa.

Ba kya son yadda wasan ya koma, kuma ba kya ɓoyewa. Yara sa'o'ina suna zuwa da allunan zamiya kala-kala, waɗanda ake ɗaurawa a ƙafa, kowa da agogon da ke ƙirga masa bugun zuciya. Manya kuwa ba sa jiran sama ta ba su ƙanƙara. Ana fara tsere a kan ta bara, wadda aka rufe da garin katako duk bazara, a shimfiɗa ta siririya a cikin laka. Kin taɓa cewa, a zamaninku kuna gudu ne har ku ji yunwa, yanzu kuwa suna zama da yunwa don su yi gudu. Yayata Ingunn kike nufi, duk mun sani.

Yaya ta shiga cikin 'yan tseren ƙasa, duk kwarin ya yi murna. Daga nan ta fara auna abinci a sikeli. Ta rame har zobe yana faɗuwa daga yatsanta. Bara ta yanke jiki ta faɗi ana cikin tsere, likita ya ce ta huta sai jikinta ya dawo. Mu a gida kowa yana lallaɓa ta. Ke kaɗai kika ce mata, "Ke 'yar nan, ƙashi ba ya cin tsere."

Da ƙanƙara ta narke, sai kika yi abin da kike yi kowace shekara. Kika jera allunan gidan a rumfarki, kika narka kaki da dutsen guga, kika shafe ƙasansu da kauri don kada su bushe kafin sanyi ya dawo. Ba a hawa allo sai an kankare kakin, kuma a gidanmu wanda ya shafa kaki shi ke kankarewa, haka kika taras, haka kika koya mana. Da kika zo kan allunan da Yaya ta fi so, waɗanda take cin tsere da su, sai kika ɗago kai kika dubi Yaya.

"Ingunn, ni na shafa. Kin yarda?"

"Gwaggo, kina son ki ɗaure ni ne kawai."

"Ƙwarai kuwa. Kin yarda ko ba ki yarda ba?"

Yaya ta yi tsaki, amma ta miƙa miki hannu.

A asibiti, ranar da na zo miki da safa, kika riƙe wuyan hannuna. Kika ce kankarewar ta koma hannuna, kuma kin faɗa wa Yaya. Na ce yaya zan gane lokaci ya yi? Kika ce ranar da ta ci abinci ta ƙoshi, ta fita daji da alluna ba agogo, don sha'awa kawai. Na so in ce miki na yi ƙanƙanta da wannan, amma na gyaɗa miki kai.

Gwaggo, ran Lahadi bayan jana'iza Yaya ta same ni a rumfarki. Asabar mai zuwa za a buɗe tseren bana, kuma in ba ta je ba wata za ta iya ɗaukar gurbinta. Likita bai sake ta ba, amma ta ce za ta san yadda za ta shawo kansa. Ta ɗauko makankarinki ta miƙo mini.

"Tuva, autar Mama, taimaki yayarki. Ba zai ɗauke ki lokaci ba."

Ban taɓa ce wa Yaya a'a ba tun da aka haife ni. Amma na ce, "A'a, Yaya. Bai yi ba tukuna."

Makankarin yana hannunta, allunan suna gabanta. Da ta so da ta kankare da kanta, ba mai hana ta. Ta daɗe a tsaye tana shafa kakin da yatsa, daidai inda dutsen gugarki ya bar sawu. Sai ta ajiye.

"Wannan tsohuwa," in ji ta, tana dariya tana hawaye, "ta tafi ma ba ta sake ni ba."

Sannan ta tambaye ni ko akwai sauran wainar da kika soya kika ajiye a firji. Na ɗumama mata, na sa cuku. Ta ci rabi. Agogon yana hannunta har yanzu, kakin kuma yana kan allunan. Kullum da safe nakan leƙa rumfar in tabbatar, sannan in dubi sama. Ina tsoron in kankare da wuri, ina tsoron in makara. Amma na riƙe, Gwaggo.

Allah ya jiƙanki da rahama, ya yafe miki, ya ba ki hutun da ba ki taɓa yarda kin yi a duniya ba. Ina yi wa mijinki Kawu Oddvar ta'aziyya, da Baba, da yaran ƙungiyarmu ta zamiya da za su hau hawan nan bana ba ƙararrawa. Allah ya ba mu haƙurin rashinki. Ya ba Yaya lafiya, ni kuma ya nuna mini ranar.