Shatin Yatsa a Bayan Alkyabba

Neville Allsopp ya shekara talatin da ɗaya yana ƙera mutum-mutumin mayaƙa da ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, a ɗakin katakon da ke bayan gidansa a Nottingham. Masu wasan yaƙi a kan tebur sukan kawo masa zanen abin da suke so, maye mai kai biyu ko sarkin matattu bisa ƙwarangwal ɗin doki, shi kuma ya ƙera, ya yi fenti. Danƙon aikin kala biyu ne, shuɗi da rawaya. In an murza su sai su koma kore, kafin awa uku kuma su sandare.

Dokarsa ɗaya ce: kada shatin yatsa ya zauna a jikin aiki. A jiƙa hannu kafin a taɓa danƙo, in kuma an yi sake ya bushe da shati, a goge da samfefa.

'Yarsa Tamsin, wadda ta koyi sana'ar a wajensa, ba ta taɓa bin dokar ba.

"Haba Baba," takan ce, "wa zai leƙa bayan alkyabba da gilashin ƙara girma in ba kai ba?"

Sanƙarau ne ya ɗauke ta a watan Fabrairu, tana da shekara ashirin da shida, bayan kwana huɗu a asibiti. Ta bar mayaƙa arba'in da ta gama wa fenti, da sarauniyarsu a kan kerkeci, wadda ba ta gama ba, tana nan koriya. A bayan alkyabbar sarauniyar Neville ya ga shatin babban yatsanta, layi-layi, raɗau. An ƙona gawarta yadda wasu ke yi a can, ɗakin da take haya an sake masa fenti. Nan kaɗai jikinta ya bar alama.

'Yan ƙungiyar wasansu suka sa ranar Asabar don a buga yaƙi da rundunarta. A al'adarsu, abin da ba a yi wa fenti ba ba ya hawa tebur. Neville ya yanke cewa zai ƙarasa sarauniyar da fenti mai ruwa-ruwa, yadda shatin ba zai ɓace ba. Bai gaya wa kowa ba.

Ranar Laraba da hantsi abokinsa Kelvin, tsohon direban bas, ya shigo da soyayyen dankali a takarda. Neville na gyaran ƙafar kerkecin.

"Tsoho, har yanzu kana kan ƙafa ɗaya? Ai kafin ka gama kerkecin ya tsufa."

"Cire hannun mai ɗin nan daga teburina, sarkin ƙazanta."

"Ka tuna ranar da yarinyar nan ta share min runduna kafin shayina ya huce? Ta dube ni ta ce, 'Kawu Kelvin, ko in ara maka soja biyu ka rage kunya?'"

Neville ya yi dariya, karon farko tun Fabrairu. Kelvin ya kawo wani labarin, ya ƙara da wani. Neville na sauraro, idonsa na kan abokinsa, hannunsa kuma na aikin da ya saba. Yatsansa ya ji kaushi a wani wuri, samfefa ta bi ta kai.

Sai da Kelvin ya tafi ya duba. Alkyabbar ta yi sumul, babu shatin. Ya sa gilashi, ya juya ta gaban taga, ya sake juyawa. Koriyar ƙura ce kawai a kan gwiwarsa. Ya daɗe bai miƙe ba. Daga baya ya share ƙurar da burushi a cikin murfin kwalba, ya ajiye a kan kantar ɗakin.

Ranar Asabar ya kai sarauniyar, alkyabbarta ja wur. Mutum goma sha huɗu suka kewaye teburin. Kelvin ya ɗaga ta, ya kai kusa da ido.

"Kai! Bayan alkyabbar nan aikinka ne, na rantse. Ko shati ɗaya babu. Da Tamsin na nan da ta ce ka cika iyayi."

"Da ta faɗa," in ji Neville.

Ya karɓe ta, ya tsayar da ita a gaban mayaƙanta arba'in, ya ɗauki ma'auni ya auna tafiyarta ta farko a wasan: inci takwas.