Almakashin Hagu na Maman Tracy

Duk macen da ta taɓa zama a kujerar Scholastica a Sabon Tasha ta san dokar shagon. Kitso a gaban madubi, wankin kai da busarwa a gaban madubi, amma da an zo kan yanke gashi sai a juya miki kujera ki fuskanci bango, ki yi ta karatun kalandar coci. "Sai na gama ki gani, ki yi ihu," haka take cewa tana dariya, ta kuma kora masu jira zuwa bencin da ke waje ƙarƙashin rumfa. Mata sun ɗauka salo ne na gwanaye. Har wasu masu salun gyaran gashi su biyu a layin suka kama juya kwastomominsu, ko dalilin ba su tambaya ba. Dalilin kuwa ba wani mai nisa ba ne. Scholastica bahaguwa ce, kuma shekara ashirin da biyu ke nan tana ɓoye hannunta.

Tana 'yar shekara sha bakwai ta baro Zonkwa da kayanta a buhu ɗaya, gwaggonta ta danƙa ta a hannun Madam Ngozika, wata 'yar ƙabilar Ibo mai babban salun a Kakuri, don ta koyi sana'a. Ranar farko ta miƙa hagu za ta ɗauki almakashi, sai ji ta yi mataji ya sauka a bayan hannunta.

"Hannun da ba za ki miƙa wa babba ruwa da shi ba, shi za ki ɗora masa a ka?" in ji Madam. "Kan mutum ne fa, ba buhun gawayi ba."

Shekara uku ta yi a wurin. Kitso bai damu da dama ko hagu ba, yatsu goma yake so, don haka ta yi fice har daga Barnawa ana zuwa nemanta. Amma almakashi a hannun dama, wayyo! Gashi sai ya fito hawa-hawa kamar ɓera ya gaigaya. Da ƙyar da addu'a ta daidaita kai guda ɗaya ranar gwaji. Da aka zo yaye ta, Madam ta sa mata albarka, ta kuma sanar wa jama'a da babbar murya cewa ta raba yarinyar nan da hagu har abada. Scholastica ta durƙusa tana kuka, rabi na murna rabi na kunya. Tana son matar nan ƙwarai. Ita ta tsaya mata a matsayin uwa ranar aurenta da Benson, ita ta yi wa 'yarsu Tracy wankan farko.

Da ta buɗe nata shagon sai ta koma wa hagunta a ɓoye. Sai dai almakashin kasuwa don masu dama aka ƙera shi. In bahago ya riƙe, bakin sama yakan tare masa ido, ba ya ganin inda yake yanka, kuma dole ya riƙa janyo shi da babban yatsa kafin bakunan biyu su haɗu. Haka ta yi ta fama, wani lokaci yatsan ya kumbura sai Benson ya gasa mata da ruwan zafi. Ita a saninta haka almakashi yake, mugun ƙarfe ne da aka yi don a wahala.

Ran wata Litinin wayarta ta yi ƙara, ta duba ta ga Madam ce.

"Schola, 'yata, ran Lahadi zan yi godiya a coci, na cika saba'in. Na gaji da sa gashin kanti, zafi yake ba ni. Furfurata nake so a saisaye kowa ya gani. Ran Asabar ina zuwa shagonki."

"To, Mama, Allah Ya kai mu."

"Kuma na ji labarin wannan juya kujerar taki. Ni ba a juya ni. Ina so in ga hannun da na gyara yana aiki."

Scholastica ta ajiye waya ta zauna daɓas a kan bokitin wankin kai. In ta yi da dama, Mama za ta tsaya gaban coci da kai hawa-hawa, ga 'ya'ya sun taso daga Onitsha da Legas, ga masu ɗaukar hoto. In ta yi da hagu, ta ƙaryata matar ido da ido, ta kuma ɗora mata hannun rashin kunya a ka. Benson, wanda ke gyaran tankokin mai a wajen Rido, da ya dawo ya ji zancen sai ya kwashe da dariya har ya ƙware da shinkafa.

"Ki faɗa mata gaskiya mana, Maman Tracy."

"Kai ka je ka faɗa mata, tun da kai ne jarumi."

Bai je ba. Shi ma shakkarta yake yi.

Dabarar da ta zo mata ita ce wataƙila duk laifin na almakashi ne. In ta sami na ƙwarai, irin na manyan salun na Abuja, ai zai yanka daidai ko a hannun dama. Talata da safe ta tari keke mai ƙafa uku ta nufi cikin kasuwa, shagon Chidi mai sayar da kayan salun. Chidi ɗan Ibo ne haifaffen Kaduna, Hausa ta zauna a bakinsa, kuma ko allura ba ya sayarwa sai ya yi wa'azi a kanta. Ya shimfiɗa tawul ya jera almakasai suna ta ƙyalli.

"Anti Schola, ba a zaɓen almakashi da ido kamar atamfa. Kawo tafin hannunki."

Ta miƙa dama. Ya kwantar da ɗaya a kan yatsanta na tsakiya, bakin ya zarce yatsan, ya ce wannan ya yi tsawo, na masu askin maza ne. Ya gwada wani, tsininsa ya tsaya daidai gaɓar ƙarshe, ya ce yauwa. Sannan ya riƙe shi a tsaye, ya ɗaga mariƙin almakashin ɗaya ya saki.

"Kin gani? In ya rufe ruf, ya yi sako-sako, tauna gashi zai yi. In ya ƙi motsi, ya yi tauri, yatsanki zai ba ki labari. Wanda ya tsaya a tsakiya shi ne ɗan halak." Ya yago tishu ya tsoma a ruwa. "Busasshe ko wuƙar albasa ta yanka. Jiƙaƙƙe ne mai tona asiri. Bismillah."

Ta riƙe da dama, ta cije leɓe, ta datsa. Tishu ya yage. Ta gwada na biyu, na uku, har na shida, duk haka, gumi yana bin bayan kunnenta. Chidi ya juya zai amsa waya, hannunta kuwa da kansa ya mayar da almakashin hagu, kamar yadda ya saba in babu ido. Ta manta mutumin madubai yake sayarwa, sun fi goma a rataye.

"Anti! Ke bahaguwa ce?"

"Rufe mini baki, Chidi! So kake duk kasuwa su ji?"

"Chineke! Shi ne kika bar ni ina ta ɓata miyauna?" Ya katse wayar, ya taka kujera ya sauko da wani ɗan akwati daga can saman kanta. "Shekara uku yana nan. Bisa kuskure ya biyo kwalin kaya. Sau biyu ana ɗauka ana dawo mini da shi, wai ba ya ci. Na hagu ne. Duba bakunansa, a juye suke."

Scholastica ta yi ta kallon abin. Ba ta taɓa ji ba, ko a mafarki.

"Wato akwai wani a wata ƙasa da ya zauna ya tuna da mu?"

Ta zura yatsu, ta datsa. Tishu ya lanƙwashe ya maƙale tsakanin bakunan. Ashe janyowar nan da babban yatsa, wadda ta shekara da shekaru tana haɗa mata bakunan almakashin dama, ita ce ke raba bakunan wannan.

"Ki daina kokawa da shi, Anti," in ji Chidi. "Ba abokin gabarki ba ne. Saki yatsan."

Ta saki. Ƙit! Tishu ya rabu biyu, gefensa miƙe sambal, kuma da idonta ta ga inda bakin ya bi. Dariya ta kubce mata, irin wadda ba a shirya wa. Ta sake yankawa, ta sake, ta cinye masa rabin tishun, ta datse zaren da ke lilo a hannun rigarsa, ta miƙa hannu ga gashin dokin da ya rataye na talla. Da ƙyar ya ƙwace kayansa, yana roƙonta da sunan Allah kada ta yanka komai da shi sai gashi.

Sai ta shiga neman gashi. Gemun Benson ne ya fara shiga hannu, kafin ya gama cewa a'a an gama. Kawunan roba uku na talla da ke tagar shagon, waɗanda suka shekara da gashi har kafaɗa, suka wayi gari da saisaye. In ta hau keke, ƙeyar matar da ke gefenta take leƙe. Ran Alhamis a wurin koyon waƙa na coci ba ta ji ko baiti ɗaya ba, kawuna take aunawa, kuma kafin a watse ta shawo kan mata huɗu su biyo ta shago. Tafe take tana waƙa, tana gaida mutanen da ba ta sani ba. Amma duk da haka kujera a juye take yi musu. Ran Juma'a da yamma tana goge almakashin da ɗan mai sai murnar ta ɗan lafa, don ta tuna ƙarfen ne kawai ya canza, hannun yana nan a hagunsa, kuma gobe Asabar.

Ƙarfe goma Madam Ngozika ta sauko daga keke da sandarta. Ta cire gashin kanti ta ajiye a kan cinya, ta zauna, ta kafa sandar a ƙasa ta tokare ƙafar kujerar. Scholastica ta wanke kan, ta taje. Furfurar fara tas, laushi kamar auduga. A kan tawul ga almakashi biyu, tsoho da sabo. Ta miƙa dama wajen tsohon. Ta dubi kan nan, ta ji ba za ta iya ɓata shi ba, ko da za a kore ta daga zuciyar matar.

Ta durƙusa. "Mama, ki gafarce ni. Ban taɓa warkewa ba."

Ta miƙe ta ɗauki sabon da hagu. Madam ta kafa idanunta cikin madubi, a kan hannun. Scholastica ta fara daga ƙeya. Ƙit, ƙit, ƙit. Tsoro na nan, amma daɗin ya fi ƙarfinsa, kafin ta iso gefen kunne har ta soma ɗan rausaya kai, ta kama kanta ta daina, ta sake somawa. Gashin yana zuba, kan yana fitowa zagaye, kunnuwan tsohuwar da goshinta suka bayyana, fuskar ta yi wani irin kwarjini.

Da ta gama ta ja da baya. Madam ta juya kai nan, ta juya can, ta shafa ƙeya.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na buɗe shago, Mama."

"Wato duk kawunan da nake nunawa a coci ina cewa koyarwata ce..."

"Hagu ne, Mama."

Madam ta ja tsaki mai tsawo. "Mara kunya." Ta sake duban madubi, ta gyara zama, ta ɗaga haɓa. Da ta sake magana muryar ta sauko ƙasa.

"Saurara, Schola. Na riga na nuna wa 'ya'yana rigar da za a sa mini ranar da za a shimfiɗe gawata a ƙauye. Gashin ne ban san wa zan bar wa ba. Ke za ki zo. Kada ki bari wata ta taɓa mini kai."

"Haba Mama, wace irin magana ce wannan ana shirin biki?"

"Da wannan hannun. Kin ji ni?"

Scholastica ta gyaɗa kai. Sai ta ɗauki buroshi ta shiga kakkaɓe kafaɗar tsohuwar a hankali, ta yi ta kakkaɓewa, ko da yake babu sauran ko sili ɗaya.